Yadda Fatar Mutum Ta Ke Jin Hasken Rana

Kowa ya sani da ido a ke gani. Amma masana sun gano cewa fata ma tana da tata hanyar sanin haske ya sauka a kanta, ko da ya ke ba ta ganin siffar kome. An rubuta wannan takarda domin hakimai da malamansu su fahimci al'amarin, su bayyana wa dagatai da masu unguwa. A ƙasar Sakkwato rana ba baƙuwa ba ce, daga watan Maris zuwa Mayu zafi ya kan wuce digiri 40. Sai dai a lura, zafin rana daban, haskenta daban, a kan hasken za mu yi magana.

Asalin binciken a ido aka fara shi. A shekarar 1876 wani Bajamushe, Franz Boll, ya ga wani jan launi a cikin idon kwaɗo wanda ya kan koɗe in haske ya taɓa shi. Daga baya aka gane furotin ne, watau irin sinadarin da a ke gina jiki da shi, aka kira danginsa ofsin. Aikinsa kamar tarko ne da aka ɗana. Yana riƙe da wani ɗan sinadari a lanƙwashe, da haske ya buge shi sai ya miƙe, tarko ya fashe, labari ya tafi ƙwaƙwalwa. George Wald na Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel a 1967, shi ya nuna daga bitamin A ɗan sinadarin nan ya ke fitowa. Shi ya sa rashinsa ya ke kawo dundumi, shi ya sa kuma likitoci su ke horo da cin hanta da manja da zogale.

A 1998 Ignacio Provencio da abokan aikinsa suka sami wani ofsin, ba a ido ba, a fatar wani kwaɗon Afirka. Sai hankali ya koma ga fatar ɗan Adam.

A ƙarƙashin saman fata akwai waɗansu ƙwayoyi masu aikin marina. Su ke haɗa baƙin launin da a ke kira melanin, su rarraba wa maƙwabtansu, kowace ƙwaya ta ɗora shi bisa cibiyarta kamar manomi da malafa. Yawan marinan nan kusan ɗaya ne ga Bahaushe da Bature, yawan rinin ne ya bambanta. A 2011 masana a Jami'ar Brown ta Amurka suka ba da rahoto cewa sun sami ofsin irin na ido a cikin ƙwayoyin nan, kuma in hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, ya same su, su kan soma ƙara rini cikin 'yan sa'o'i. Dā an fi sanin hanya mai jinkiri, wadda sai haske ya yi wa ƙwaya lahani tukuna, bayan kwanaki fata ta yi duhu. A 2018 kuma masana a birnin Nis na Faransa suka ce wani ofsin, na uku a lissafi, shi ke jin shuɗin hasken rana, ya sa baƙar fata ta ƙara duhu mai daɗewa. Mutanen Brown sun yi gardama a 2019, suka ce aikin wannan ofsin bai dogara ga haske ba. Amma ba a musun cewa hasken da ido ke gani yana ƙara wa tabon ƙuraje duhu a baƙar fata.

To, ga inda maganar ta shafi hakimi. Zabiya yana da marinan, rinin ne babu, ko kuwa kaɗan ne ƙwarai. Rana ta kan ƙona shi, ta kan kuma kai shi ga ciwon daji na fata tun yana saurayi. Mai unguwa, a Gidan Igwai ko wata unguwa, ya san gidajen da a ke da zabiya. Ya kamata ya gaya wa iyaye su sa wa yaro malafa da riga mai dogon hannu, kada a tura shi talla ko kiwo da tsakar rana. Gyambon da ya ƙi warkewa kuwa, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba da jinkiri ba.

Masu shafa man bilicin, malafarsu su ke cirewa da hannunsu. Waɗansu mayukan ma da zaiba a ciki, wadda ta ke lalata ƙoda.

Duk da haka kada a guji rana ɗungum. Da haskenta fata ta ke haɗa bitamin D mai ƙarfafa ƙashi, baƙar fata kuwa ta fi fara bukatar daɗewa a rana kafin ta haɗa shi. Matan kulle da ƙananan yara su riƙa fitowa tsakar gida da hantsi, kada su wuni cikin ɗaki.