Kafin Ka Kankare Tsohon Daɓen Katako, Ga Abin da Kimiyya Ke Cewa

A Amurka, Kanada da Ingila, mutane da yawa kan sayi tsohon gida da ya ji jiki a kan farashi mai sauƙi, su gyara shi da kansu. Abin da ya fi faranta musu rai shi ne su yaye tsohon kafet su tarar da daɓen katako a ƙarƙashi. Sai a yi hayar injin gurza, a kankare saman, a shafa sabon man sheƙi, daɓen ya dawo kamar jiya aka shimfiɗa shi. A ido, aikin ba wuya. Amma in kai ne riƙe da injin, to ka sani fa abin da ka kankare ya tafi ke nan, kuma ƙura yake zama, ƙurar nan kuwa akwai inda take zuwa.

Katakon da ya rage maka

Kaurin katakon daɓe na asali yakan kai milimita 19, sai dai ba duka ake iya ci ba. Kowane falle yana da harshe a gefe ɗaya da tsagi a ɗaya gefen. A nan fallayen ke sarƙewa da juna, a nan kuma ƙusoshi ke ɓoye. Abin da ke saman wannan mahaɗa bai wuce milimita 6 ba, gurza guda kuma tana cin kusan milimita 1. Lissafa da kanka: gidan da ya shekara 100, wataƙila an riga an gurje shi sau huɗu ko biyar. In ka fara hango kawunan ƙusoshi, ko gefen fallayen yana ɓantarewa, ajiye injin. Daɓen ya ƙare.

Katako yana shan iska

Ka taɓa lura ƙofar katako tana cijewa da damina, da hunturu kuma ta saki? Abin da ke faruwa a daɓe ke nan. Katako yana zuƙar danshi daga iska ya kumbura, in iska ta bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ta tsawo kuwa kusan babu. A ɗaki mai matsakaicin yanayi, danshin cikinsa yakan tsaya tsakanin kashi 6 zuwa 9 cikin 100.

Tsohon gida yakan yi yoyo ko ya tara laima a ƙarƙashi. Sai ƙasan falle ya fi samansa jiƙa, gefunan su ɗago, tsakiya ta lotsa kamar kwano. Nan ne gaggawa ke cutar da mutane. In ka gurje shi a haka ya miƙe, ranar da ya bushe gefunan da ka cinye za su koma ƙasa, tsakiya ta yi tozo. Ka toshe yoyon tukuna, ka auna da na'urar gwajin danshi, ka jira ko da makonni ne.

Gurzar kanta hawa-hawa ake yi. Ana farawa da samfefa mai kaushi, kamar lamba 36, sai 60, sai 100. Kowace lamba aikinta shi ne goge ƙarzunan da ta gabanta ta bari. Ka tsallake ɗaya, man sheƙi zai tona maka asiri, domin yana fito da duk wata ƙarza fili.

Ina ƙurar take zuwa?

A shekarun 1960, likitoci a Ingila suka lura da yawaitar wata sankarar hanci da ba a cika gani ba tsakanin masu ƙera kujeru a garin High Wycombe. A 1995, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Haɗarin ya fi kan wanda ya shafe shekaru yana shaƙa, don haka maganar ta shafi kafintocinmu ma. Ɗaura hankici a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin; takunkumi irin N95 ake buƙata, da injin da ke zuƙe ƙura.

Wadda ta fi wannan saurin illa ita ce dalma. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidajen zama, saboda haka duk gidan da ya girmi wannan shekara abin zargi ne, har da fenti ko tsohon man da ke kan daɓensa. Mun san aikin gubar dalma: a Zamfara a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu, sanadin ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Tushen daban, hanyar ɗaya ce. Ƙura ta sauka ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya kai hannu baki. Babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka sani ba shi da illa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. A gwada kafin a gurza. In an samu, aikin ƙwararru ne, yara da masu juna biyu kuma su bar gidan har a gama shara.

Tsumman da ke kunna kansa

Man da ake shafa wa katako, irin su man linsid, ba bushewa yake yi kamar ruwa ba. Haɗuwa yake da iskar oksijin ya daskare, wannan haɗuwa kuma tana fitar da zafi. A shimfiɗe kan daɓe, zafin yana bin iska. A cikin tsumman da aka dunƙule aka jefa kwana, zafin ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa har wuta ta tashi ba tare da ashana ba. Haka ta faru a watan Fabrairun 1991 a bene mai hawa 38 na One Meridian Plaza da ke Filadelfiya: tsummokaran man linsid da ma'aikata suka bari ne suka kama, 'yan kwana-kwana uku suka rasa rayukansu. Maganin kuwa ba tsada. Ka baza tsumman ɗaya-ɗaya a waje, ko ka nutsa su cikin ruwa a gwangwani mai murfi. Buhun ƙurar injin ma kada ya kwana a cikin gida.

Sannan kada taɓawa da yatsa ta ruɗe ka. Foliyuritan mai mai yakan bushe a sama cikin kwana guda, amma yana iya ɗaukar kusan wata kafin ya yi taurin gaske. Ka bar tagogi a buɗe, ka ɗan jinkirta shimfiɗa kafet. Katakon da ya jira shekara 100 a ƙarƙashin ƙafafun mutane ba zai gaza jiran wata guda ba.