Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magunguna da Abin da Bincike Ya Gano

Magungunan da ake kira antibayotik, wato waɗanda ke kashe ƙwayoyin bakteriya ko hana su hayayyafa a cikin jiki, sun fara dakushewa a sassan duniya da dama, kuma wani bincike da mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a watan Janairun 2022 ya fito da girman ɓarnar a fili. Masana daga Jami'ar Oxford ta Ingila da Jami'ar Washington ta Amurka ne suka jagoranci aikin, inda suka tattara bayanan ƙasashe da yankuna 204, suka ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 sun mutu kai tsaye saboda bakteriyar da magani ya daina ci, adadin da ya zarce na waɗanda zazzabin cizon sauro ko cutar ƙanjamau ta kashe a shekarar. Yammacin Afirka ne ya fi ko'ina jin jiki, domin a nan mutum 27 cikin kowane 100,000 suka rasu ta wannan hanya, kuma a duniya baki ɗaya kusan ɗaya cikin biyar na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne zaton cewa jikin mutum ne ke sabawa da magani, alhali ƙwayar cutar ce ke sauyawa. A duk lokacin da aka sha antibayotik, raunanan ƙwayoyi suna mutuwa, masu juriya kuwa su tsira su hayayyafa, har ma su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan hali, sannan su bi ruwan sha da abinci da hannun da ba a wanke ba su isa ga wanda bai taɓa haɗiyar kafso ba a rayuwarsa. Saboda haka gangancin mutum ɗaya yana iya zama ajalin jaririn maƙwabcinsa. Alexander Fleming, wanda ya gano maganin fenisilin a 1928, ya yi kashedi a kan shan abin da bai kai ƙima ba tun a 1945, lokacin da ya karɓi lambar yabo ta Nobel.

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2015 a ƙasashe 12, ciki har da Nijeriya da Sudan, ya nuna inda ilimin lafiya ya gaza: kashi 64 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ɗauka antibayotik yana maganin mura, kashi 32 kuma suna ganin daidai ne a ajiye magani da zarar an ji sauƙi. Mura kuwa bairos ke kawo ta, wata irin ƙwaya ce dabam wadda antibayotik ba ya taɓawa, don haka kafson da ake saye a kemis ko a hannun mai talla a tasha duk lokacin hunturu asarar kuɗi ce da kuma horar da bakteriya. Haka abin yake ga mafi yawan gudawar yara, wadda ruwan gishiri da sukari da sinadarin zink suka fi dacewa da ita, da kuma magungunan da masu kiwon kaji ke zubawa a ruwa ba tare da kajin suna ciwo ba.

Ba adalci ba ne, duk da haka, a ɗora wa talaka laifin gaba ɗaya, tun da wanda asibiti ya yi masa nisa, ɗakin gwaji kuma babu shi, dole ya nemi abin da ke kusa, ga jabun magunguna da ke ɗauke da ɗan abin da bai isa ya kashe ƙwaya ba. Abin da ke hannun kowa shi ne kada ya sha antibayotik sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, ya cika kwanakin da aka ɗiba masa, kada ya ba wani ragowar nasa, ya kuma kai yara rigakafi, domin cutar da ba ta kama mutum ba ba ta buƙatar magani. Wani ƙiyasi da mujallar The Lancet ta buga a Satumban 2024 ya nuna cewa mutum sama da miliyan 39 na iya mutuwa saboda bakteriyar da magani ya daina ci tsakanin 2025 da 2050, kuma a watan ne ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin ɗari kafin 2030.