Fatar Jiki Za Ta Iya Gyara Jijiyar da Ta Tsinke?

Idan wuƙa ko haɗarin babur ya tsinke jijiyar da ke kai saƙo zuwa hannu, jijiyar takan sake tsirowa, amma da tafiyar hawainiya, wajen milimita 1 a rana. Masu yi mata wannan hidima su ne wasu ƙwayoyin halitta da aka raɗa wa sunan Theodor Schwann, masanin Jamus na ƙarni na 19. A lokacin lafiya suna naɗe jijiya da wani kitse, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Da zarar an ji rauni sai su sauya aiki: su share ɓaraguzan da suka mutu, su jeru sahu-sahu, sabon tsiron ya bi ta kansu.

Matsalar tana tasowa ne idan giɓin ya yi faɗi. A nan likita kan yanko lafiyayyar jijiya daga ƙafa ya dasa, a bar gefen ƙafar babu ji. An gyara wuri, an ɓata wani.

Shi ya sa masana suka koma ga fata, wadda ake samunta a sauƙaƙe, don su samar da ƙwayoyin Schwann daga gare ta. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto ya nuna cewa ƙwayoyin gado 4 kacal sun isa su mayar da ƙwayar fatar ɓera zuwa halinta na fari, inda za ta iya zama kowace iri. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012. Sai dai ƙwayar da aka mayar baya haka tana iya rikiɗewa ta zama ƙari, don haka aka nemi gajeriyar hanya. A 2017 masu bincike a Milan da Kiyoto, kowa da nasa aikin, suka kunna ƙwayoyin gado 2, SOX10 da EGR2, a cikin ƙwayoyin fata, ƙwayoyin fatar suka koma masu kama da na Schwann kai tsaye. Da aka dasa su a jijiyar ƙafar ɓeraye da aka yanke, sun taimaka mata wajen farfaɗowa.

Abin mamaki, ƙwayar cutar kuturta ta riga masana sanin wannan dabara. Binciken Jami'ar Edinbara na 2013 ya gano cewa tana shiga ƙwayoyin Schwann ta mayar da su baya, ta yi amfani da su wajen yaɗuwa.

A ganina, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne har yanzu aikin yana ɗakin gwaji, a kan dabbobi. Duk wanda ya ce zai yi maka irin wannan dashe a yau, ka yi hattara da shi. Wanda ya ji rauni hannunsa ya mutu kuwa, ya hanzarta ganin likitan tiyata, domin tsokar da ta wuce shekara guda babu jijiya da wuya ta dawo daidai.