Git ko Subversion: Zaɓin da ke gaban ɗalibin kwamfuta a Malam Inna

Ga ɗalibin kwamfuta mazaunin unguwar Malam Inna, kusa da Jami'ar Jihar Gombe, zaɓen manhajar adana tarihin aiki batu ne na kuɗin data da ƙarfin intanet.

Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, tana bai wa kowane fayil lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikinsa, don haka ba a sake ajiye fayil ɗin da bai canza ba. Dukkan tarihin yana sauka a kwamfutar mai aiki, ya duba tsohon aiki ko ya adana sabon canji ba tare da intanet ba. Tsadar tana kan saukewar farko, musamman idan akwai manyan hotuna ko bidiyo.

Subversion kuwa, wadda aka fara a 2000, tana barin tarihin a babbar kwamfuta guda. Saukewa ba ta da nauyi, amma kowane adanawa sai da intanet.

Mai ƙarancin data na iya sauke zubin ƙarshe kaɗai a Git da umarnin "--depth 1", ya haƙura da tsohon tarihi.