Baƙar Fata A Idon Girkawa Da Rumawa

Yau shirin namu zai leƙa tsohuwar Girka da Daular Rum, mu ji matsayin launin fata a wurinsu.

Da mutum zai shiga kasuwar bayi ta birnin Rum shekara 2000 da suka wuce, zai tarar da bayi a tsaye, an rataya wa kowa allo a wuya mai bayanin lafiyarsa da aibinsa, sababbin zuwa kuma an shafa musu farar ƙasa a ƙafa. Akasarinsu farare ne, daga Gol, wato Faransa ta yau, da Jamus da Sham da ita kanta Girka. Yaƙi ke mai da mutum bawa, ko fashin teku, ko haihuwa cikin bauta. Sifatakus, wanda ya jagoranci tawayen bayi a shekarar 73 kafin haihuwar Annabi Isa, daga yankin Bulgariya ta yau ya fito.

Baƙaƙen da Girkawa da Rumawa suka fi sani su ne mutanen Kush, a Sudan ta yau. Masanin tarihi Hirodotus ya kawo cewa sun fi kowa tsawo da kyan sura. Homa kuwa, a waƙoƙinsa, gumakan Girka har walima suke zuwa ci wurinsu.

To, amma kada mu wanke Girkawa da Rumawa tas. Girkawa na raina duk wanda ba ya jin harshensu. Masanin falsafa Aristotal ya ce akwai waɗanda aka halitta don bauta, ya ce mutanen ƙasashen sanyi jarumai ne marasa basira, na Asiya masu basira ne marasa zuciya, Girkawa ne kaɗai suka haɗa biyun. Wannan magana ta yi ɓarna, domin masu cinikin bayi na baya sun fake da ita.

Masana biyu sun yi fice a muhawarar ko Girkawa da Rumawa sun nuna wariyar launin fata. Frank Snowden, Ba'amurke baƙar fata, ya nuna a littafinsa na 1970 cewa launi bai hana kowa aure ko aikin soja ba. Benjamin Isaac, a 2004, ya ce tsiron wariyar jinsi yana nan cikin tunaninsu. A ganinmu kowa na da gaskiyarsa: raini akwai shi, amma doka ba ta taɓa raba jama'a da launi ba. Misali, Saftimiyus Sabarus, haifaffen Leptis Magna a Libiya, ya hau sarautar Rum a 193 Miladiyya, ɗansa Karakala kuma ya ba kusan duk wani ɗa mai 'yanci a daular takardar zama ɗan ƙasa a 212, daga Masar har Ingila.