Ciwon suga: Yadda allura da hasken leza ke ceto ganin ido

Ciwon suga kan lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke can cikin ido, su riƙa yoyo har tsakiyar tantanin gani ya kumbura. Babu zafi, sai dai rubutu ya koma dishi-dishi, miƙaƙƙen layi ya karkace.

Likitoci na kashe zafin wurin, sannan su yi allurar Avastin, Lucentis ko Eylea cikin idon, galibi duk wata da farko. Hasken leza kuwa toshe jijiyoyin da ke yoyon yake yi.

Allura ɗaya ba ta wadatarwa. Idan aka daina zuwa, kumburin kan dawo. Shi ya sa likitoci ke shawartar mai ciwon suga ya je a duba masa ido duk shekara, ko da yana gani garau.