Sirdin Keke Mai Sauka da Tashi: Yadda Ake Ɗaura Shi a Keken Hanyar Tsakuwa

A watan Maris na 2022, Matej Mohorič, ɗan ƙasar Sloveniya, ya lashe tseren keke na Milan zuwa San Remo a Italiya, mai nisan kusan kilomita 300. Da ya kai gangaren tudun Poggio, dab da ƙarshen tseren, sai ya sauke sirdinsa yana cikin gudu, ya riƙa shan kwana kamar walƙiya har ya tsere wa abokan karawarsa. Tun daga ranar aka ƙara sa wa sandar sirdi mai sauka da tashi ido, musamman masu hawan keken hanyar tsakuwa da burji.

Masu hawan duwatsu da keke ne suka fara wannan dabara. A 1984 Joe Breeze da Josh Angell suka fito da Hite-Rite a Amurka, wani ɗan ƙarfe mai tsalle da ke maido da sirdi sama bayan an sauke shi. A 2010 kamfanin RockShox ya fitar da sandar sirdi mai suna Reverb, daga nan abin ya bazu. Aikin irin wannan sandar iri ɗaya ne da na kujerar ofis: a cikin sandar akwai bututu mai matsattsiyar iska, idan ka danna madanni kana zaune nauyinka ya tura ta ƙasa, idan ka danna ka ɗaga jiki ta dawo sama.

Amfaninta a fili yake. Dogon sirdi shi ne daidai wajen taka feda, amma a gangare mai tsakuwa yakan tura nauyin mahayi gaba, kuma da zarar tayar gaba ta ci karo da rami ko yashi, sai mutum ya wuntsila ta saman keke. Idan sirdi ya sauka, mahayi ya samu sararin ja da baya da sunkuyawa ƙasa, keke ya zauna daram, burki ma ya fi kamawa. Ni a ganina wannan kayan kare lafiya ne kafin ya zama kayan tsere.

Sai dai rabin aikin ɗaurawa a awo yake, tun kuɗi ba su bar aljihu ba. Awo na farko shi ne faɗin bututun da sandar ke shiga. Yawancin kekunan tsakuwa milimita 27.2 ne, alhali kekunan dutse sun fi amfani da 30.9 ko 31.6. Galibi lambar tana rubuce a jikin tsohuwar sandar. Siririyar sanda za ta zauna a babban bututu idan aka sa mata zoben ciko, amma babba ba za ta taɓa shiga ƙaramin bututu ba. Keken da bututunsa ba zagayayye ba ne kuwa, sai a haƙura.

Awo na biyu shi ne zurfin da sandar za ta iya nutsewa. A zura tsohuwar sandar har inda ta tsaya, domin nocin mariƙin gorar ruwa ko lanƙwasar bututun kan tare hanya. Na uku shi ne tsayin da ke tsakanin bakin bututu da ƙarafan ƙasan sirdi, a yadda mahayi ya saba hawa. Shi ne zai nuna iyakar saukar da za ta dace. Sandunan kekunan tsakuwa kan sauka milimita 50 zuwa 100 ko sama kaɗan. Wanda ya yi zarin doguwa zai tarar sirdi ya fi ƙarfin ƙafarsa duk lokacin da ya tashi, gwiwa kuma ita za ta sha wahala.

In awo ya yi daidai, sai wayar da ke haɗa madanni da sandar. Keken da ke da ramin shigar waya, ta ciki za a bi da ita: daga hannun keke, ta gangara cikin firam, ta zagaya wurin feda, ta hau bututun sirdi. Wannan kwanar ta wurin feda ita ce mai cin rai, kuma idan rigar wayar ta lanƙwashe sosai a nan, madanni zai yi tauri. Wanda kekensa ba shi da rami kada ya kuskura ya huda firam. Akwai sanda mai waya ta waje, akwai kuma marar waya mai batir, irin Reverb AXS XPLR da aka fitar a 2021, mai saukar milimita 50 ko 75.

A yanke rigar wayar da ɗan rara, yadda kan keke zai juya hagu da dama ba tare da ta ja ba. A maƙala kan wayar a gindin sandar, a shafa giris idan firam na ƙarfe ne ko alminiyam, ko man musamman mai hana zamewa idan na kabon ne. Sannan a zura sandar a hankali, ana janyo rarar wayar daga gaba don kada ta naɗe a ciki. Layin da aka zana a jikin sandar, mai nuna ƙarancin zurfi, dole ya shige cikin bututu.

Madanni kuma ya zauna inda babban yatsa zai kai gare shi hannu na riƙe da burki. Idan keken mai farantin sarƙa ɗaya ne a gaba, hannun giyar hagu ba shi da aiki, shi ya sa kamfanin Shimano ya yi wa jerin kayansa na GRX, da suka fito a 2019, hannun hagu mai sarrafa sandar sirdi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure nocin bakin bututu da ƙarfin tsiya. Matsin kan danne sandar, ta riƙa cijewa ko ta ƙi dawowa sama. A bi adadin da kamfani ya rubuta. Idan sirdi yana sauka da kansa, waya ta yi tsauri. Idan an danna bai motsa ba, ta yi sako-sako.

Gaskiya ne sandar tana ƙara wa keke nauyi, tana kuma son a riƙa goge mata ƙura bayan kowace fita. Mai yawo a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ya buƙatarta. Amma wanda hanyarsa ke da gangare da duwatsu, ya auna da kyau, ya ɗaura, ya fara gwaji a fili har yatsansa ya saba kafin ya tunkari tudu.